Tambaya: Mene ne haɗin yaƙin 1066 da rikitattun kalmomin Ingilishi?

Maman Yara Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai da masana da ke wannan zaure a kan karatun 'yata. Shekara huɗu ke nan muna zaune a Ingila, kuma a bana ta shiga ajin farko na sakandare tana da shekara 11. A darasin tarihi an fara musu da abin da suke kira zamanin tsakiya, aka ba su aikin gida su rubuta dalilan da suka sa Wiliyam na Nomandi ya ci yaƙin Hastings a shekarar 1066, sannan su zana dala mai hawa huɗu da ke nuna tsarin da littafinsu ya kira feudal system. A cikin wannan makon kuma malamar Ingilishi ta ba su kalmomi biyu-biyu, cow da beef, sheep da mutton, pig da pork, ta ce su nemo dalilin da ya sa dabba take da suna ɗaya namanta kuma yake da wani, ta ƙara da cewa amsar tana cikin littafinsu na tarihi.

Ni a gida na yi karatuna, kuma tarihin da aka koya mana na ƙasar Hausa ne da Barno da zuwan Turawa, Ingilishi kuwa hadda muka yi ba tare da an taɓa gaya mana dalilin komai ba. Daren jiya muka baje littattafan biyu a kan tebur, tana kallona tana jiran amsa, ni kuma ina juya shafi kamar mai neman allura a cikin rairayi, har ubanta ya dawo daga aiki ya tarar ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Ina so a fahimtar da ni, da Hausa, abin da ake nufi da zamanin tsakiya, da abin da ya faru a 1066, da kuma yadda yaƙi ya shiga cikin sunan nama.

Ɗalibin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan ɗauki ɓangaren tarihin, na bar na harshe ga waɗanda suka fi ni saninsa.

Zamanin tsakiya suna ne da masanan Turai na baya suka laƙaba wa kimanin shekara 1000 da ke tsakanin faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 da wajajen 1500. Sun kira shi na tsakiya ne domin a ganinsu ya faɗo tsakanin zamanin Rumawa da suke girmamawa da nasu zamanin, don haka rabo ne na tarihin Turai kaɗai, ba ma'auni ba ne da za a ɗora wa kowace nahiya. A makarantun Ingila galibi ana taƙaita shi daga 1066 zuwa 1485, shi ya sa aka fara wa 'yarki da wannan yaƙi.

Asalin rigimar gadon sarauta ce. Sarki Edwad na Ingila ya mutu a farkon watan Janairu na 1066 bai bar ɗa ba, sai manyan ƙasa suka naɗa Harold, surukinsa kuma mafi ƙarfi a cikin hakiman Ingila, washegarin mutuwar. Mutum biyu suka ƙi yarda. Na farko Harald Hardrada, sarkin Norwe. Na biyu Wiliyam, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, wanda ya ce Edwad ya yi masa alkawarin gadon, kuma Harold da kansa ya taɓa rantse masa a kan haka. Su waɗannan mutanen Nomandi jikokin mayaƙan teku ne da ake kira Viking, waɗanda sarkin Faransa ya ba kakansu Rollo ƙasa a 911, suka zauna suka karɓi Kiristanci, kuma cikin 'yan tsararraki suka bar harshen kakanninsu suka koma Faransanci. A riƙe wannan, domin a nan amsar malamar Ingilishi take.

Dalilan nasarar Wiliyam, waɗanda su ake son ta rubuta, sun fi fitowa idan aka bi kwanakin. Harold ya kwashe watanni yana gadin gaɓar kudu yana jiran Wiliyam, amma iska ba ta ba jiragen Wiliyam damar ƙetarowa ba, har guzuri ya ƙare, Harold ya sallami mayaƙansa a farkon Satumba, da yawansu manoma ne da girbi ke jiransu. Ana cikin haka sarkin Norwe ya sauka a arewa. Harold ya tattara runduna ya yi tafiyar kimanin kilomita 300, ya afka musu ba shiri a Stamford Bridge ranar 25 ga Satumba, aka kashe sarkin Norwe tare da Tostig, ƙanen Harold da ya koma bayan abokan gaba. Kwana uku bayan haka iska ta juya, Wiliyam ya sauka a Pevensey da ke kudu. Dole Harold ya juyo da sauri, ya kuma ƙi tsayawa a Landan har sauran dakarunsa su iso, suka haɗu ranar 14 ga Oktoba a wani tudu mai nisan kimanin kilomita 11 daga garin Hastings.

Ingilawa a ƙasa suke yaƙi, sun jeru a kan tudun kafaɗa da kafaɗa, garkuwa tana taɓa garkuwa kamar katanga, suna riƙe da manyan gatura. Wiliyam kuwa yana da 'yan baka da barade a kan dawakai sanye da sulke. Tun hantsi ake gwabzawa katangar ba ta tsage ba, har jita-jita ta bazu cewa an kashe Wiliyam, sai da ya ɗaga kwalkwalinsa mutanensa suka ga fuskarsa. Abin da ya karya Ingilawa shi ne sauka daga tudun da wasunsu suka yi suna korar barade masu gudu, baraden kuma suka juyo suka karkashe su a fili, kuma marubutan Nomandi sun ce da gangan aka maimaita wannan gudun. Da yamma ta yi aka kashe Harold, ƙannensa biyu ma sun mutu a yaƙin. Labarin cewa kibiya ce ta same shi a ido ya samo ƙarfi ne daga wani dogon ƙyalle mai aikin sirfani da ake kira ƙyallen Bayeux, tsawonsa kusan mita 70, amma masana ba su haɗu a kan cewa mai kibiyar a hoton shi ne Harold ba, don haka gara ta rubuta "ana cewa". An naɗa Wiliyam sarki a cocin Westminster da ke Landan ranar Kirsimeti ta wannan shekara. Idan ta kasa dalilan gida uku, wato shirin Wiliyam, da kurakuran Harold, da sa'ar iska, sannan ta faɗi wanda ta ga ya fi nauyi da hujjarta, ta yi abin da ake nema.

Dalar kuwa ga yadda take. Wiliyam ya ɗauki dukkan ƙasar Ingila a matsayin tasa, ya riƙe kimanin kashi ɗaya cikin biyar, coci ta riƙe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, ya raba kusan rabi ga manyan mabiyansa da ba su fi 200 ba, bisa sharaɗin mubaya'a da kawo masa mayaƙa. Su kuma suka yanka wa baradensu gundumomi bisa sharaɗin hidimar yaƙi, wadda a al'ada kwana 40 ce a shekara. A ƙasan dalar manoma ne, mafi yawan jama'a, waɗanda da yawansu ba su da ikon barin ƙauyen ubangidansu ba da izininsa ba, suna noma masa gandunsa kwana biyu ko uku a mako, suna niƙa hatsinsu a maniƙarsa su biya, suna ba coci kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. Ƙasa tana sauka daga sama, hidima tana hawa daga ƙasa, kuma idan ta zana kibiyoyi biyu a gefen dalar masu nuna haka ta gama.

Tsohon Malamin Ingilishi ya amsa:

Allah ya saka wa Ɗalibin Tarihi da alheri, ya share mini fage. 'Yata, na shekara fiye da 30 ina koyar da wannan harshe a sakandare kafin na yi ritaya, kuma abin da na fi nadama shi ne yawan shekarun da na yi ina ce wa ɗalibai "haka yake, ku haddace", alhali kusan kowane abin da ya karkace a Ingilishi yana da ranar da ya karkace.

Harshen da Harold da mutanensa suke yi ɗan'uwan Jamusanci ne, ƙabilun Angul da Sakson suka ƙetaro da shi daga arewacin Turai a ƙarni na 5, bayan Rumawa sun janye. Daga shi aka gaji kalmomin gida da gona da jiki, irin su house, bread, water, mother, hand, cow, sheep, kuma kusan dukkan kalmomi 100 da aka fi yawan furtawa a Ingilishin yau daga wannan tushe suke. Jam'in da ke wahalar da yara, man da men, foot da feet, ox da oxen, child da children, ragowar nahawun wancan zamani ne, lokacin da harshen yake da hanyoyin jam'i da yawa kamar yadda Hausa take da su, kafin harafin s ya mamaye kusan komai. Waɗanda suka tsira sun tsira ne saboda kullum suna bakin mutane.

Da Wiliyam ya ci ƙasar, sai ya zamana fada da kotu da manyan limaman coci duk masu Faransanci ne, ana rubuta takardun mulki da Latin, harshen tsoffin Rumawa, Ingilishi kuma ya koma harshen talaka. Ba shekara goma aka yi a haka ba, an ɗauki fiye da shekara 300, domin sai a 1399 aka sami sarki, Henri na Huɗu, wanda Ingilishi ne harshensa na farko tun bayan yaƙin. A cikin wannan lokaci kimanin kalmomi 10,000 na Faransanci suka shiga Ingilishi, kuma idan aka dubi inda suka taru za a ga wanda yake da iko: court, judge, jury, prison, justice a shari'a, government, parliament, tax a mulki, army, soldier, battle a yaƙi, dinner, sauce, roast a girkin masu hali. To ga amsar malamar: manomin da ke kiwon dabba yana kiranta da harshensa, cow da sheep da pig, ubangidan da ake kai wa namanta a akushi yana kiransa da nasa, waɗanda suka zama beef da mutton da pork, daga kalmomin Faransanci na sa da rago da alade.

Ba a nama kaɗai abin ya tsaya ba. Ingilishi yakan ajiye kalma biyu ko uku a kan ma'ana ɗaya, kowacce da matsayinta: ask ta gida, question ta Faransanci, interrogate ta Latin; haka kingly da royal da regal. Ta gida ta fi gajarta da kusanci, ta Faransanci ta fi kama da ta ofis, ta Latin ta malamai ce. Duk ɗalibin da ya gane wannan ya gane abin da ake nufi idan aka ce ya rubuta wasiƙar hukuma ba ta aboki ba, wanda darasi ne da za a yi mata nan gaba kaɗan. Wani abin da yake ba ni dariya shi ne muƙamin earl na gargajiya ya tsira da sunansa na Ingilishi, amma matarsa countess ake ce mata, da Faransanci.

Dawowar Ingilishi sama ma tarihi ne ya kawo ta. Sarki Jon ya rasa Nomandi a 1204, masu ƙasa a ɓangarorin biyu na teku suka zama dole su zaɓi ɗaya. Daga 1337 aka shiga dogon yaƙi da Faransa, Faransanci ya zama harshen abokin gaba. Annobar 1348 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin jama'a, ƙwadago ya yi tsada, talaka mai Ingilishi ya sami bakin magana. A 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta.

Bamaraɗe ya amsa:

Hajiya, ni daga Nijar nake rubutu, inda idan aka ce Turanci sau da yawa Faransanci ake nufi, don haka kalmomin da Malam ya jero ban buƙaci fassararsu ba: bœuf da mouton da porc muke karantawa tun firamare. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar da yarinyar ita ce ki nuna mata abin a cikin Hausar da kuke yi a gida. Alƙali da shari'a da hukunci da littafi da alƙalami daga Larabci suka zo tare da addini da karatu; kotu da joji da gwamna da soja daga Ingilishi suka zo tare da mulkin mallaka; mu kuma a nan muna cewa lakwal da mushe a inda ku kuke cewa makaranta da malamin boko, domin Faransa ce ta mulke mu. Tuwo da ruwa da uwa da hannu kuwa ba wanda ya taɓa su. Abin lura shi ne waɗannan huɗun, kotu da joji da gwamna da soja, duk daga Faransanci Ingilishi ya aro su a zamanin da ake magana a kai, wato sun ƙetara teku zuwa Ingila, suka yi ɗaruruwan shekaru a can, sannan suka iso Kano da Sakkwato a bakin Turawa.

Ɗalibin Tarihi ya sake amsawa:

Misalin Bamaraɗe ya yi kyau, zan ƙara masa da cewa lauya ita ba ta cikin wannan ayari, domin tushenta law daga harshen 'yan Viking da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila kafin 1066 ya fito, kamar yadda they da them da egg da sky suka fito.

Amma da izinin Malam, ina da ɗan gyara a kan labarin manomi da ubangida. Asalin kalmomin kamar yadda ya faɗa yake, ba gardama. Sai dai rabuwar ma'anar ba a teburin Wiliyam ta faru ba. A Faransanci kalma ɗaya ce ga sa da namansa, kuma da ta shiga Ingilishi an daɗe ana kiran dabbar mai rai da beef, har da jam'inta beeves, sai a hankali cikin ƙarnoni kalmar gida ta tsaya ga dabba, baƙuwar ta tsaya ga nama. Ga 'yar shekara 11 amsar Malam ta wadatar, kuma ita malamar take jira, amma idan ta ƙara jimla ɗaya cewa canjin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru, ta fi kusa da gaskiya. Kuma ga chicken da lamb da fish, waɗanda sunan dabba da na nama duk ɗaya ne.

Haka ita ma dalar. Mutanen wancan zamani ba su san wani abu mai suna feudal system ba, masana ne suka ƙirƙiro sunan ɗaruruwan shekaru daga baya, daga kalmar Latin ta ƙasar da aka ba mutum riƙo. Dalar ba ta da wurin 'yan kasuwar birane, ba ta da wurin mata, ba ta kuma nuna bayi, alhali littafin ƙidayar da Wiliyam ya sa aka yi a 1086, wanda ake kira Domesday, ya lissafa garuruwa da ƙauyuka fiye da 13,000 da garmunansu da maniƙansu, ya kuma nuna kimanin kashi ɗaya cikin goma na mutanen da aka rubuta bayi ne. Na san za a so a kwatanta da sarki da hakimi da dagaci da talaka, kuma kwatancin yana taimakawa a hawa na sama, tunda hakimanmu ma kafin zuwan Turawa suna riƙe da garuruwa daga hannun sarki suna kai masa mayaƙa. A hawa na ƙasa ne yake ɓacewa, domin talaka ɗa a wajenmu yana iya tashi ya koma wani gari idan zalunci ya ishe shi, manomin Ingila kuwa doka ta ɗaure shi da ƙasar, shi da 'ya'yansa.

Maman Yara Uku ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun rubuta aikin tarihin, ta zaɓi iska a matsayin babban dalili, ni kuma na so ta zaɓi gaggawar Harold, amma na bar ta da nata tunda ta kawo hujja. Misalin kotu da soja ya fi komai shiga kanta, har ta je tana gwada ƙannenta. Saura abu ɗaya, Malam: da take cika hawa na uku na dalar ta tambaye ni me ya sa ake rubuta knight da haruffa shida alhali sauti uku ake furtawa, kuma ko ita ma daga Faransanci take.

Tsohon Malamin Ingilishi ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Ɗalibin Tarihi, gaskiyarsa ce. Ita kuwa knight ba ta Faransanci ba ce, ta gida ce, kuma asalin ma'anarta yaro ko bara mai hidima, daga baya ta hau doki ta zama barde. A zamanin tsakiya duk haruffan ana furta su: ana jin k a farko, wasalin i gajere ne kamar na kalmar "kifi", gh kuma sauti ne mai gogar ganɗa, kusa da harafin kha na Larabci, irin wanda Jamusawa suke furtawa har yau a kalmarsu Knecht. Haka night da light da knee da knife suke. Abin da ya faru shi ne an kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda, furuci kuwa bai tsaya ba: tsakanin wajajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Ingilishi duk suka gusa daga inda suke, gh ta yi shiru ko ta koma f kamar a laugh, k ta farko kuma ta faɗi a ƙarni na 17.

Marubutan da suka saba da Faransanci su ma sun bar sawunsu, domin su suka mai da cw ta zama qu, kalmar da ake rubutawa cwen ta koma queen, suka kuma sa ou a cikin house wadda dā hus ce. Wasu haruffan ma ba a taɓa furta su a Ingilishi ba, kamar b ta cikin debt, wadda malamai suka cusa daga baya don su nuna cewa daga kalmar Latin debitum ta samo asali, alhali dette aka aro daga Faransanci ba tare da ita ba. Ki sa ta furta knight sau ɗaya yadda aka rubuta ta, k da n da i da gh da t, kowanne a bayyane, kafin ta rubuta ta a cikin dalar.